Mun Je Nijar Kallon Ƙofar Asibiti

Tun da na dawo, keken ɗinkina bai yi aikin kirki ba. Da na zura zare sai a yi sallama: "Saude, wai da gaske har Nijar kika je? Me kika gani? Me suke ci?" Na ba da labarin nan har muryata ta dishe, ga ɗinkin mutane a jibge. To yau zan zazzage shi tun daga tushe, wadda ta ji ta gaya wa maƙwabciyarta.

Ga wanda bai san ni ba, shan inna ce ta kama ni ina ƙarama, ƙafafuna ba sa ɗaukata. Ina da keken guragu mai tuƙin hannu, ina da mijina Malam Sule manomi, da 'ya'yanmu. Ƙauyenmu yana bayan Tsanyawa, inda kunyar gonar wannan take goga kunyar gonar wancan. Mu mata masu lalura irin tawa muna da 'yar ƙungiya, a tsakar gidana muke haɗuwa.

Abin da ya tayar da ni shi ne asibitin garinmu. Matakalarsa doguwa ce, sai mu ajiye keke a ƙasa mu hau da rarrafe, zani yana sharar ƙasa, mutane suna kallo. Ƙawata Rabi, ita ma shan inna ce, da ta je haihuwar fari sai da aka ɗaga ta kamar buhu aka ɗora a gado saboda tsayinsa. Tana cikin naƙuda wata ma'aikaciya ta ce mata, "Ke ma a haka har da ciki?" Rabi ta zubar da jini sosai a haihuwar nan, da ƙyar ta sha. Yanzu ga wani cikin ya tsufa, ta rantse ko awo ba za ta je ba. Gwaggo Asabe, ungozomar unguwarmu, ta ce mata, "'Yar nan, irin jininki ya fi ƙarfin hannuna." Rabi ta ce gara ta mutu a ɗakinta da mutuncinta. Ga shi kuma an fara gina sabon ɗakin haihuwa. Mun je wurin shugaban kwamitin asibiti muka roƙi a yi mana hanyar keke, ya ce an ji.

Ana cikin haka, wata rana wata Banijariya mai sayar da kanwa ta gan ni ina rarrafen matakalar nan. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! A garinmu ai da kekenki za ki shiga har gaban gado." Na ce wasa take. Ta haɗa ni a waya da wata Mariyama ta garinsu, mai lalura irin tawa da ƙungiya irin tamu, muka yi ta aika wa juna saƙon murya. A ƙarshe Mariyama ta ce, "Ƙanwata, gani ya kori ji. Ki taho." 'Yan ƙungiya suka haɗa mana kuɗin mota, Malam Sule ya ce in tafi amma da rakiyar babba. Gwaggo Asabe ta ce ita ce babbar, duk da iyakar tafiyarta a duniya Kano ce.

Da sassafe muka isa tasha. Rikicin farko a kan kekena aka yi. Kwandasta ya ce kaya ne, sai an biya masa. Na ce ƙafafuna ne. Wani dattijo mai goro a kujerar gaba ya leƙo ya ce, "Kai, ni da na shigo da ƙafafuna biyu nawa ka caje su?" Mota ta ɗauki dariya. Kwandasta ya sosa ƙeya, ya ɗora keken a saman mota ya ɗaure shi tare da wani bunsuru. Duk ramin da muka faɗa sai bunsurun ya yi kuka, ni kuma in ce wayyo kekena. Muka bi ta Kazaure muka ɓulla Daura. Da aka sauko da keken, bunsuru ya cinye rabin soson kujerar. Na ɓata rai, Gwaggo kuwa dariya har da hawaye. Ta naɗe ɗankwalinta na canji ta cusa a ramin, ta ce, "Hau, ai ya rage miki nauyi."

A Daura muka sha fura mai sanyi a wurin wata Bafulatana, sannan muka shiga ƙaramar mota zuwa Kwangwalam, bakin iyaka. Ni a zatona iyaka katanga ce mai ƙofar ƙarfe. Ashe igiya ce da ganguna, da rumfuna, da masu canjin kuɗi suna kaɗa takardu. Gero a wannan gefen, gero a wancan gefen, ko tsawonsa bai bambanta ba.

Tun a mota wata mata ta koya wa Gwaggo cewa in jandarma ya yi magana a ce masa "wi", wato "eh" da Faransanci. Da muka ƙetara, wani dogon jandarma ya karɓi katinmu ya duba. Kafin ya buɗe baki Gwaggo ta durƙusa ta ce, "Wi, wi." Ya dube ta ya ce da Hausa tsantsa, "Inna, ina kwana? Ina zuwa haka?" Ta ce, "Wi." Ya ce, "Makamai kuka ɗauko?" Ta ce, "Wi, ranka ya daɗe." Na yi maza na ce, "Gwaggo, Hausa fa yake yi!" Jandarman ya yi dariya har ya dafa gwiwa, ya kira abokan aikinsa ya ba su labari. Ya tambaye ni abin da ya kawo mu, na ce ƙofar asibiti muka zo kallo. Ya dubi keken, ya ce ƙanwarsa ma haka take, tana can gida ba ta fita. Shi da kansa ya tsayar mana da mota, ya sa aka ɗaure keken a inda babu dabba.

Muna wuce Maimujiya wayata ta mutu murus, layinmu ba ya aiki a can. Ba wanda ya gaya mini haka. Ga shi ban san gidan Mariyama ba, sunan garin kawai na riƙe, wani gari ne gaba da Matamaye. Da la'asar aka sauke mu a bakin hanya. Na hau keke na murza, ya yi taku kaɗan ya nutse. Yashi ne, ba irin ƙasarmu mai tauri ba. Gwaggo ta tura, na murza, muka haɗa gumi, keke ya ce bai san zance ba.

Sai ga wani mai amalanken shanu. Gwaggo ta ce, "Bawan Allah, gidan Mariyama gurguwa muke nema." Ya ce bai san ta ba. Na kwatanta masa, mai sayar da kayan koli, mai zuwa asibiti. Ya ce, "Af! Shugaba kuke nufi! Ku ce Shugaba mana." Ni dai wannan kalma ta shige ni. A garinmu ko shekara nawa ka yi, da lalurarka ake kwatancen gidanka. Ya ɗora ni da kekena a kan amalanke, ina zaune a sama kamar amarya, muka ratsa gari mutane suna yi mana barka da zuwa.

Mariyama ta tarbe mu a zaure da guɗa. Ƙaramar mace ce, ta girme ni, muryarta kuwa ta cika gida. Ta rungume ni kamar uwa ɗaya ta haife mu. Ta ce bari ta kira maigidan, ta ɗaga murya: "Mushe! Mushe, baƙi sun iso!" Gwaggo ta zaro ido ta matso kunnena ta ce, "Mijin nata take kira mushe? A gabanmu?" Sai ga mutum ya fito fes da shi, da tabarau, yana murmushi. Ashe malamin makarantar boko ne, su lakwal suke cewa, kuma malamin lakwal Mushe ake ce masa don girmamawa. Har muka baro garin Gwaggo ba ta iya kiransa haka ba, Malam take cewa.

Abinci kuwa mun ci. Tuwon gero ne, su hatsi suke ce masa, da miyar kuɓewa busasshiya. Kwaɗon zogale kuma sunansa kopto, sun fi mu sa ƙuli. Da safe aka kawo burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa da tauri, Gwaggo ta ce wannan sai dai a jiƙa shi tun daren jiya. Shayinsu a ɗan ƙaramin kofin gilashi, baƙi ƙirin, da ɗaci kamar maɗaci. Na kurɓa na yamutsa fuska. Mushe ya ce in yi haƙuri, na farko ne mai ɗaci, na bayansa sun fi zaƙi. Haka kuwa aka yi. A tsakar gida muka kwana cikin gidan sauro, don ɗakin akwai zafi.

Da hantsi Mariyama ta ce, "Ku shirya mu tafi likita." Na ce wane likitan, mace ko namiji? Ta ce a'a, gidan ne likita. Asibitin ne suke kira haka. Ta san hanyar da yashi bai yi yawa ba, ta bayan kasuwa. Tana gaba a kekenta, ina biye, Gwaggo tana haki a baya.

'Yan'uwa, ginin nan bai kai namu kyau ba. Fentinsa ya koɗe, ko wutar lantarki babu sai ta hasken rana. Amma a gefen matakala an zuba siminti ya kwanta a hankali tun daga ƙasa har baranda, da ƙarfen dafawa a gefe. Mariyama ta haye ba ta ko waiwayo ba. Ni kuwa na tsaya a ƙasa. Ta ce, "Murza mana!" Na murza. Keke ya hau, ya hau, sai ga ni a baranda, sai ga ni a cikin ɗaki, zanina tsaf ba ƙura, hannuna bai taɓa ƙasa ba. Tunda aka haife ni ban taɓa shiga asibiti kaina yana daidai da ƙugun mutane ba, kullum daga wajen ƙafafunsu nake kallonsu. Na juya na sauka na sake hawa. Na kuma sauka na kuma hawa. Masu jiran layi suka fara tafi, ni ina dariya ina share hawaye.

A ɗakin haihuwa gadaje biyu ne, ɗaya dogo, ɗaya gajere daidai kujerar kekena. Na ce daga wace ƙasa aka kawo wannan? Malamar haihuwa ta yi dariya ta ce daga bayan kasuwa. Gadon da ne, mai walda ya yanke masa ƙafafu. Na zame daga keke na hau da kaina, na kwanta na miƙe. Rabi ce kawai a raina.

Muna nan aka shigo da wata kurma mai ciki. Sai na ga malamar ta ajiye abin awo tana yi mata magana da hannu, kurmar tana amsawa har da dariya. Wai kuramen ƙungiyar su Mariyama ne suke zuwa suna koya wa ma'aikata alamar ciwo, da jini, da jiri, da motsin ɗa. Gwaggo kuwa ta samu abokan sana'arta, ungozomomin garin, waɗanda su rakiya suke yi, su kawo mace su zauna da ita har ta sauka. Kafin in ankara ta ɗaura ɗamara ta shige wurin wata mai naƙuda tana riƙe mata baya. Da yaron ya faɗo, guɗar Gwaggo ce ta fara tashi, irin ta Kano, har malamar ta toshe kunne.

Ba komai ne suka fi mu ba. Magani yana yanke musu, kuma in haihuwa ta gagara, tafiyar da ke gabansu ta fi tamu nisa. Mariyama ba ta ɓoye mini ba. Amma ita tana cikin kwamitin asibitin, da kujerarta. Na ga zamansu a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, tana ja-in-ja da maza a kan gyaran makewayi, ba wanda ya ce mata ta bari manya su gama.

Da muka koma gida na ce, "Yaya Mariyama, don Allah yaya kuka yi? Mu mun roƙa, an ce an ji."

Ta ce, "Mu ma mun roƙa. Muka je neman ƙofa, aka ba mu shinkafa. Muka koma, aka ba mu atamfa. Duk wanda ya ga gurgu a bakin ofis, sadaka yake zaton ya zo karɓa."

Na ce, "To sai me?"

Ta ce, "Sai na zauna a gindin matakalar nan wuni guda ina kallon masu hawa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa sai an riƙe ta. Mai tsohon ciki sai ta huta a tsakiya. Wanda babur ya karya sai an goya shi. Mai shanyewar ɓarin jiki a waje ake duba shi, cikin rana. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne, mu ne dai kawai muka yi magana. Muka bi su gida gida. Ranar da muka koma, rabin gari ne ya zauna a ƙasa. Ƙanwata, in kun je ku kaɗai, tausayi za a ji. In kun je da iyayensu, kunya za su ji."

Ta ƙara da cewa kada mu je da zagi, kuma kada mu je hannu sake. Mu zo da maginin da zai yi, da mai waldar da zai yanke, da masu ɗebo yashi, yadda ba wanda zai ce babu hali. "Kuma kada ku tashi sai an ba ku kujera a kwamiti. Siminti yana fashewa. In ba kya wurin, ba mai gyarawa."

Ranar dawowa matan ƙungiyarsu suka rako mu bakin hanya, kekuna a jere kamar 'yan kai amarya. Suka cika mana jaka da kilishi da dabino. Mushe ya sa an ɗinke mini kujerar da bunsuru ya ci. A iyaka muka tarar da jandarman nan, yana hango Gwaggo ya ɗaga hannu ya ce, "Inna Wi, an dawo?" Ta ce, "An dawo, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka." Hanya ta yi kyau, sai dai tayar mota da ta fashe kusa da Kazaure, muka zauna a gindin mangwaro muka rage kilishin tsaraba.

Ina isa gida Malam Sule ya tare ni da labari mara daɗi: an riga an zuba matakalar sabon ɗakin, ta ma fi tsohuwar tsayi. Na ce to, ba hutu. Washegari muka fara bin gidaje, ni da Gwaggo da 'yan ƙungiya. Wasu suka ce ba ruwansu da rigimar hukuma. Amma tsofaffi, kamar jira suke a tambaye su. Har gidan dagaci muka shiga wurin mahaifiyarsa, Hajiya Babba, wadda gwiwa ta hana ta zuwa awon hawan jini. Ta ce, "Ni za a gaya wa matakalar nan? Ku turo mini baro ranar."

Ranar zaman kwamiti muka hallara a gindin matakala. Guragu, makafi, masu ciki, tsofaffi da sandunansu, da Hajiya Babba a cikin baro an shimfiɗa mata darduma. Malam Sule ya zo da magini da mai walda. Rabi ma ta zo, bayan na yi mata magiya, ta zauna can gefe ta rufe fuska da mayafi. Ba mu yi ihu ba, muka zauna kawai.

Dagaci ya fito tare da shugaban kwamiti. Yana ganin baro ya tsaya cak. Ya ce, "Hajiya, me ya fito da ke cikin ranar nan?"

Ta ce, "Asibiti na zo. Hau da ni."

Ya dubi matakala, ya dubi baro, ya dubi jama'a. Ya cire hula ya mayar. Sannan ya juyo ya ce, "Wa ke magana a madadinku?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ce." Na faɗi abin da na gani a tafiyata, na faɗi abin da muke so: hanyar keke, gajeren gado, da kujera a kwamiti. Shugaban kwamiti ya fara cewa ai tsarin ginin daga sama ya zo. Magini ya ce shi dai a ba shi siminti, yashi da hannu na gayya ne. Dagaci ya ce siminti a wuyansa. Kujera kuma, ya ce, ga mai ita nan ta riga ta zo da abarta. Wuri ya kaure da dariya da kabbara.

Ana cikin hayaniyar sai na ga ma'aikaciyar nan ta fito baranda, wadda ta yi wa Rabi maganar. Ta daɗe a tsaye tana kallonmu daga sama. Sannan ta sauko, ta ratsa mutane, ta je ta zauna a ƙasa kusa da Rabi, da farin kayanta, a cikin ƙura. Na matsa don in ji.

Ta ce, "Rabi, wata nawa ne?"

Rabi ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Takwas."

"Ban gan ki a awo ba."

"Kin san dalili."

Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Na sani. Ki yafe mini. Ba ni hannunki in duba jininki, a nan ma ya isa."

Har na fid da rai. Sai Rabi ta zaro hannu daga cikin mayafi ta miƙa mata, ta ce, "Duba. Amma haihuwa sai na ga gadon da idona."

Mai walda yana tsaye a bayanmu. Ya saɓa zartonsa a kafaɗa ya ce, "A nuna mini ɗakin."